Saba ta biyu ta ƙi karɓar sabon rasit, don Allah a taimaka

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya ban runtsa ba. Ni kaɗai ke kula da rumbun bayanan wani kamfanin rarraba kaya a Kano. Wanda ya haɗa tsarin ya ajiye aiki bara, ko takarda ɗaya bai bari ba, oga kuma ba ya son jin zancen ƙarin ma'aikaci. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 14 ce a babbar saba (kwamfutar da ke riƙe da bayanan), ta biyu tana kwafa ta logical replication, wato kwafar canje-canjen tebur layi-layi. Jiya babbar ta mutu, na mayar da kowa kan ta biyu. Tsofaffin rasit suna nan, amma da an shigar da sabo sai ta ce duplicate key, wato lambar ta riga ta kasance. Yaran kanti sun koma biro da takarda.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Babu abin da ya lalace, ƙanena. Logical replication ya shigo ne a fitowa ta 10, a 2017, kuma a 14 ɗinka layukan tebur kawai yake kwashewa, ba ya ɗaukar sequence, wato mai ƙirga da ke ba sabon layi lamba. Lambobin sun iso, mai ƙirga su yana nan a 1. Tsayar da shigar da bayanai, ka yi setval, wato ka saita sequence ɗin kowane tebur zuwa lamba mafi girma. Tun farko streaming ya kamata ku yi, wato kwafar rumbun gaba ɗaya har da sequence.

Mai tambaya: Yallaɓai, ta biyun 16 ce, muna shirin ƙaura. Streaming ba ya yiwuwa tsakanin 14 da 16. Kuma ba zan iya tsayar da ciniki ranar kasuwa ba.

'Yar Zariya: Malam, ka ƙara 1000 a kan lambar, ƙila akwai rasit ɗin da bai ƙetaro ba kafin ta mutu.

Baban Yara: Ƙarin 1000 ai giɓi zai bari a jerin lambobi. Mu streaming muke yi, ranar da muka juya kan saba ta biyu lamba ta yi tsallen kusan 32, akanta ya zarge ni da goge rasit. Har yau albashin watan nan ban gan shi cikakke ba.

Injiniya: Sequence bai taɓa alkawarin jeri babu giɓi ba. Wanda ya mai da shi lambar rasit shi ya jawo. Yi abin da na ce.

Mai tambaya: Haka na tarar da shi, kuma masu binciken kuɗi jeri suke dubawa. Yanzu ma babbar ta tashi, akwai rasit a cikinta da babu a ta biyu. Wacce zan ɗauka a matsayin ta gaskiya?

'Yar Zariya: Kada dai ka bari kowa ya rubuta a tsohuwar tukuna.