Zanen jiki a bikin wata al'ummar da na ƙirƙiro

Marubuci daga Argungu:
Assalamu alaikum. Ina rubuta labarin almara a kan wata al'umma da babu ita a duniya, masunta ne da ke zaune a tsibirai cikin wani babban kogi. A al'adarsu, ranar da za a miƙa wa saurayi kwalekwalensa na farko, ana yi masa zane daga kafaɗa har wuyan hannu. Abin da ya shige mini duhu shi ne da me za su yi zanen, tunda cikin ruwa suke wuni, kuma wa ya dace ya zana?

Mai ƙunshi daga Gusau:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka fara rarrabe abin da ke zama a kan fata da abin da ke kama ta. Farar ƙasa da toka da gawayi duk nutso ɗaya zai wanke su. Lalle kuwa kama fata yake yi: idan aka kwaɓa garinsa da ruwan lemun tsami aka ƙunsa ya kwana, da safe za a ga ja, bayan kwana ɗaya ko biyu ya ƙara duhu, kuma yakan kai kusan mako biyu kafin ya dushe. Sai dai tafin hannu da ƙafa ya fi kamawa saboda kaurin fatarsu, a damtse ba zai fito sosai ba, musamman ga baƙin mutum. Don damtse, gara katambiri, wanda iyayenmu ke yin baƙin zane da shi a fuska.

Malamin makaranta daga Birnin Kebbi:
Ni a ganina wankewar ba aibu ba ce, ita ce ma za ta ba bikin ma'ana. Samarin Woɗaaɓe, wato Fulanin Bororo, na Nijar suna shafe fuska da launin ja ko rawaya a bikin Gerewol, kuma domin rawar kaɗai ake yin wannan kwalliya. Tsagen da wanzami ke yi wa Bakabe ko Bagobiri daban ne, asali yake nunawa, mutum kuma da shi zai mutu. Me zai hana ka haɗa biyun? A fara yi wa saurayi baƙin zane a fata, a lulluɓe shi da farar ƙasa, sai ya nutsa ya fito sannan jama'a su ga alamar da aka zaɓa masa.

Hajiya daga Talata Mafara:
Ɗana, kada ka ba mahaifiyarsa wannan aiki, domin mai karatu Bahaushe zai tuna da kunyar ɗan fari. Ka ba kakarsa, wadda akwai wasa a tsakaninsu, tana zana tana tsokanarsa cewa hannun nan ko filafili bai iya riƙewa ba. Kuma ka ƙirƙiro naka zanen, kada ka kwafi tsagen wata ƙabila da ke raye, domin masu shi za su gane abinsu.