Musayar Waƙa Kan Josef Váchal, Mai Sassaƙa Littafi a Katako

Mai Alƙalami: 'Yan'uwa, musayarmu ta wannan mako ta tsaya ne kan Josef Váchal, mai zane ɗan ƙasar Cek da aka haifa a ƙauyen Milavče a 1884. Amsa-amon ɗangon ƙarshe shi ne "wa", kuma duk mai amsawa zai kama daga inda na gabansa ya ajiye.

Kakanninsa ne suka raine shi a Písek yana ƙarami,
A 1898 ya tafi Prag, ya durƙusa gaban malami,
Ya koyi ɗinkin littafi kafin ya riƙe alƙalami,
Daga nan hannunsa da takarda suka ƙulla zumuncin da babu rabuwa.

Ya sassaƙa hoto a katako, ya shafa masa tawada,
Ya yanka harafi da kansa, ya danna shi a kan takarda,
Ya ɗinke bango da hannunsa bisa tsohuwar al'ada,
Shi kaɗai yake ɗaukar littafi tun daga farko har gamawa.

'Yar Marina:
Malam, na ji bayaninka, amma zuciyata tana da tambaya,
Na ga hoton ɗakuna biyun da ya zane wa Josef Portman, mai tara littattafai, a garin Litomyšl, gaskiya
Aljanu ne da shaiɗanu da halittun wata duniya,
Har rufi da kayan ɗaki bai bari ba, me ya kai shi wannan zurfafawa?

Dattijon Zaure:
'Yata, tun yana matashi ilimin ɓoye ya mamaye masa tunani,
Ya zauna da masu kiran ruhohi, ya ɗanɗana kowane fanni,
A 1910 yana cikin ƙungiyar Sursum tare da Konůpek da Zrzavý, masu zanen mafarki da addini,
Ban bi tafarkinsa ba, amma na shaida nemansa irin na mai ƙishirwa.

A yaƙin duniya na farko an tura shi bakin kogin Soča, fagen daga,
Abin da mutum yake tsoro a mafarki, shi da idonsa ya hanga,
A 1922 tarin fuka ya ɗauke matarsa Máša, sabon duhu ya shiga,
Wanda ya sha wannan, kada ki sa ran zai zana miki furanni da barewa.

Ɗan Masassaƙi:
Baba, a ba ni dama in kawo aikin da ya fi taɓa ni,
Littafin dajin Šumava na 1931, mai hotunan katako masu launi,
Kwafi 11 kacal ya buga, kowanne ƙato ne abin a zo a gani,
Ya ga tsohon daji yana mutuwa, ya kama siffarsa kafin ɓacewa.

Kututture ya kife a fadama, gansakuka ta lulluɓe shi, hazo ya sauka,
Saiwoyi suna fili kamar yatsun tsoho, babu wata sabuwar shuka,
Na san yadda katako yake gardama idan an sa masa wuƙa,
Shi kuwa da itacen da aka sare ya yi wa itatuwan daji makoki da kewa.

Mai Alƙalami:
Madalla, ɗana. A 1940 ya koma Studeňany, gonar su Anna Macková, mai zane abokiyar zama,
Can mulkin kwaminisanci ya same shi, cikin talauci, an daɗe ba a tuna shi balle a ba shi girma,
A Mayun 1969 Anna ta rasu, bai cika mako guda ba shi ma
Ya bi ta ranar 10 ga wata, ya bar wuƙaƙensa babu mai wasawa.