Muhawara a zaure: sa wa mai lafiya cuta da gangan don gwajin rigakafi

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Jiya a majalisa bayan isha'i na kawo labarin matasa 36 a Landan da suka yarda aka ɗiga musu ƙwayar cutar korona a hanci da gangan a 2021, aka killace su a asibitin Royal Free aƙalla kwana 14, don a gane yadda cutar ke kama mutum, a samu hanyar gwada rigakafi cikin sauri. Na ce wallahi 'yan sa-kai irin waɗannan sun fi mu, mu da ko jini za mu bayar sai an haɗa mu da Allah. Sai aka mai da ni abin dariya, har wani yaro da na girmi yayansa ya ce boko ya taɓa min kai. Ina laifin maganata?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. 'Yan sa-kai? Ni da na ga kalmar na ɗauka na Zamfara kake nufi, masu harba-ka-ruga.

Baban Khalifa: Wane sa-kai kuma bayan an biya su? Kusan fam 4,500 aka ba kowanne. Wannan ƙwadago ne. Hayar jikinsu suka bayar.

Ɗan Fagge: Alhaji, kuɗin ɓata lokacinsu ne. Mako biyu a kulle, ga zuwa asibiti ana duba su har shekara.

Baban Khalifa: Ko me za ka kira shi. Wanda ya sa kai ba ya miƙa hannu.

Bazazzagi: Bakano ne fa ke magana. Da shi aka kira, sai ya ce albarka, a ƙara ɗari biyar kafin a ɗiga.

Baban Khalifa: Kai dai da ganin fam ka fara lissafi da canjin yau. A 2021 fam bai kai naira dubu ɗaya ba.

Bazazzagi: To ga shi kai ka riga ni lissafin.

Malamar Jinya: Don Allah ku bari in ce wani abu. A gwajin da aka saba, ana yi wa mutum dubbai allura, wasu ta gaske wasu ta bogi, sannan a zauna watanni ana jiran cutar ta kama wasu da kanta. A wannan kuwa mutum 'yan kaɗan ake buƙata, kuma an san ranar da cutar ta shiga jiki. Ba da korona aka fara ba. A Jami'ar Oxford mutane sun sha ƙwayar taifod a ruwa, sakamakon ya fito a 2017, ya taimaka Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon rigakafin taifod. A Kilifi ta ƙasar Kenya ma an sa wa manya zazzaɓin cizon sauro da yardarsu. Amma ga inda gizo ke saƙar: taifod da maleriya suna da magani a hannu, da zarar alama ta bayyana a ba ka. Korona a lokacin ba ta da maganin da za a rantse a kansa. Nan ne masana kansu suka rabu.

Uwar Biyu: Anti, mu dai a fara gaya mana, sa-kai ne ko ba sa-kai ba?

Malam Na Bakin Kasuwa: Ko sisi ba a ba su ba, bai halatta ba. Allah Ya ce kada ku jefa kanku cikin halaka, Baƙara aya ta 195. Jikinka amana ne, ba naka ba ne balle ka bayar.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, a Ma'ida aya ta 32 kuma an ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne. Kuma cikin su 36 ɗin babu wanda ya mutu. 18 suka kamu, mura ce da gushewar jin ƙamshi ga wasu.

Malam Na Bakin Kasuwa: A wace makaranta ka yi tafsiri? Ba a ɗauko aya a waya a zo ana ja da mutane.

Ɗan Fagge: Ni ban ja da kai ba, Malam.

Baban Khalifa: Ka ja mana. Kuma mu a Kano ba labari aka ba mu ba. 1996, annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, yara 200 a gwajin, 11 suka rasu. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Su ma 'yan sa-kai ne?

Malamar Jinya: Alhaji, abin da aka yi a Kano ya yi ciwo, ba mai musu. Amma waɗancan yaran da cutarsu aka kawo su asibiti, ba sa musu aka yi ba, kuma magani aka gwada, ba rigakafi ba. Rigimar a kan neman yardar iyaye ce da sahihancin takardar izini. Ba abu ɗaya ba ne.

Baban Khalifa: Duk kanwar ja ce. A Amurka ma ai sun yi wa baƙaƙen fata allurar tunjere a Tuskegee.

Malamar Jinya: A Tuskegee ba a sa musu ba, suna da ita aka hana su magani daga 1932 har 1972. Inda aka sa wa mutane da gangan Guatemala ne, a shekarun 1940, fursunoni da sojoji da masu taɓin hankali, ba tare da yardarsu ba. Amurkawa ne suka yi, shi ya sa Obama ya nemi afuwa a 2010.

Baban Khalifa: To kin ga ke da bakinki kin ƙara min hujja.

Uwar Biyu: Ke dai Anti kullum kina bayan Turawa. Kin manta likitan nan na Faransa da ya ce a talabijin a 2020 a zo Afirka a yi gwaji? Har Drogba da Eto'o sai da suka yi magana.

Malamar Jinya: Ni ce na kawo Guatemala, ni ce kuma ke bayan Turawa? Kuma ki daina ce min Anti, tare muka yi sakandare.

Uwar Biyu: Aji biyu kike gabana.

Malamar Jinya: Ɗaya.

Bazazzagi: Tambaya ɗaya. An fara yi wa mutane rigakafin korona a Ingila tun Disamba 2020. Wannan gwajin a Maris 2021 aka fara. To me suka gaggauta?

Ɗan Fagge: Ai ilimin da aka samu yana nan don gaba.

Baban Khalifa: A koma kan magana. Sa-kai. Ka janye kalmar kawai.

Ɗan Fagge: Soja ma ana biyansa albashi, ka taɓa cewa bai sadaukar da ransa ba?

Baban Khalifa: Kada ka haɗa soja da mai kwanciya a gado yana kallon talabijin. Ƙanina soja ne.

Ɗan Auta: Don Allah har yanzu suna ɗauka? Ina da fasfo.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Ɗan'uwanmu Ɗan Fagge ya zo da ra'ayin cewa waɗanda suka sayar da lafiyarsu 'yan sa-kai ne, kuma kusan kowa ya nuna masa ba haka ba ne. Alhaji Baban Khalifa ya kawo hujjoji masu ƙarfi da alƙaluma, musamman abin da aka yi mana a Kano, wanda ni shaida ne a kan yadda ya sa mutane gudun allurar shan-inna a 2003. Malam ya warware ɓangaren addini. Malama ta yi dogon bayani, mun gode, kuma a ƙarshe ita ma ta tabbatar an cuci mutane a Guatemala. Tambayar Bazazzagi ba a amsa ba saboda ba ta da amsa. An rufe wannan magana. Waɗanda ba su turo kuɗin gudummawar bikin ɗiyar Alhaji ba, Juma'a ce rana ta ƙarshe.