Tsohuwar kwamfutata mai Windows 7, wace burauza zan sa mata?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara. Yayana ya bar min tsohuwar kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, Windows 7 ce a kai, ram ɗinta gig 4. Da ita nake buga sakamakon jarrabawar ɗalibanmu in tura wa shugaban makaranta. Duk na buɗe Chrome sai saƙo ya fito daga sama wai ba za ta ƙara samun sabuntawa ba, shafin banki ma ya daina buɗewa daidai. Manhajar imel ɗin da na tarar a ciki, Windows Live Mail, ta ƙi karɓar kalmar sirrin Gmail ko sau nawa na sa. Kuɗin sabuwa babu yanzu. Abin da ya fi tsaya min a rai, sunayen yara da lambobin iyayensu duk suna ciki, amana ce a wuyana.

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam Malam. Saƙon nan gaskiya ya faɗa maka. Microsoft ta cire hannu daga Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020. Chrome kuma a lamba 109 ta tsaya, farkon 2023, Edge ma haka. Duk ɓarakar da aka gano bayan nan a taka a buɗe take, babu mai toshewa. Wadda ta fi daɗewa tana lallaɓa Windows 7 ita ce Firefox 115 ESR, don Mozilla ta yi ta ƙara mata wa'adi. Ka sauke ta daga shafin Mozilla kanta, ka ɗora mata uBlock Origin mai toshe talla, saboda talla ke cinye ram da data, wani lokacin ta nan ma cutar ke shigowa. Amma fa ɗinkin wucin gadi ne. Harkar banki ka mai da ita kan wayarka daga yau.

Wani ɗalibi:
Ni a kasuwa wani ya sa min sabuwar Chrome daga filashinsa, kan Windows 7 ɗin, kuma tana tafiya lafiya lau.

Mai gyaran kwamfuta:
Ƙanina, idan lambarta ta wuce 109 to ba daga Google ta fito ba, wani ne ya sake ɗinka ta. Ƙila mutumin kirki ne, ƙila ba haka ba. Kalmar sirrinka kake danƙa wa wanda ba ka taɓa gani ba. Ni ba zan sa wa malamin da ke riƙe da bayanan 'ya'yan mutane ita ba.

Wata malama:
Malam, batun imel ba laifinka ba ne, kalmar sirrinka daidai take. Tun Mayun 2022 Google ta daina barin tsofaffin manhajoji su shiga da kalmar sirri kawai, ita kuwa Windows Live Mail tun 2017 masu ita suka yi watsi da ita. Wata manhajar imel ɗin, Thunderbird, takan buɗe maka shafin Google ka ba ta izini da kanka, kuma ba ta nuna hotunan da ke saƙon baƙo sai ka yarda. Sai dai ta Windows 7 ma a 115 ta tsaya, an daina sabunta ta. Da ni ce, Gmail ɗin zan riƙa buɗewa a cikin Firefox kawai. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wadda za a turo maka lamba a waya. Kuma don Allah ka kula da abin da ake maƙalo wa saƙo. Na taɓa danna wani wai shi rasit, washegari duk wanda ke cikin jerin abokaina ya samu saƙon neman kuɗi da sunana. Har ƙanwar mahaifiyata ta kira ni tana kuka, ta ɗauka ina asibiti.

Mai shagon buga takardu:
Subhanallah, Allah ya kiyaye gaba. Malam, ni shawarata ka rabu da Windows 7 ɗin gaba ɗaya. Kar a ce maka ka hau Windows 10, ita ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025. Linux Mint, wadda ake sawa a madadin Windows, samfurinta mara nauyi mai suna Xfce kyauta ce, gig 4 ya ishe ta, matuƙar kwamfutar 64-bit ce. Tana zuwa da Firefox da Thunderbird na yanzu, da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Saukewar kusan gig 3 ce, sai ka nemi inda akwai wayfai. A sa maka a filashi mai gig 8, ka tashi kwamfutar daga filashin ka gwada, ba abin da zai goge. Firinta za ka fara gwadawa, sai takardar sakamakon, don wani lokaci layukan kan ɗan goce. Kafin komai, kwashe fayilolinka zuwa wani filashin daban.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na sa Firefox ɗin, na kunna mataki biyun, na kwashe fayilolin yara. Na duba, 64-bit ce. Mun fara jarrabawa ranar Litinin, ba na son taɓa ta tsakiyar aiki, amma da an yi hutu zan gwada Mint ɗin. Mai shago, zan turo maka lambar firintar makarantar ka duba min ko za ta yi.