Wa ke ganin wahalar editan mujallar ilimi?

Malamar Harshe: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina editar mujallar sashenmu. Jiya har ƙarfe 1 na dare ina gyara manazartar wata maƙala da fitilar waya, an ɗauke wuta. Amma da aka zo ƙarin girma, maƙalun da na wallafa kaɗai aka ƙirga. Haka abin yake wajenku?

Tsohon Edita: Wallahi haka ne, Malama. Neman masu bitar maƙala ma ya ishi mutum. Ka tura wa biyar, ɗaya ya amsa, shi ma sai bayan wata huɗu. Ki karɓi takardar naɗi daga shugaban sashe, ki saka a fayil ɗinki, ki kuma rubuta aikin editan a shafinki na ORCID, wato dandalin intanet inda masu bincike ke jera ayyukansu.

Ɗalibin Digiri na Biyu: Sannu da ƙoƙari, Malama. Ni da na ɗauka sa hannu kawai edita yake yi!