Me ya sa aka tsayar da Frank's Place bayan shekara ɗaya tal?

Baban Ummi: Salam jama'a. Ni dai ina nan kan bakana, shirin Frank's Place da tashar talabijin ta CBS a Amurka ta fara a 1987 ba rashin kyau ne ya kashe shi ba, ya nuna baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne yadda suke a tsakaninsu, masu kallo kuma basu shirya ganin haka ba. Kashi 22 kacal aka yi, 1988 aka rufe.

Maman Khalifa: Yaya gaskiya ban yarda ba. To The Cosby Show fa? Shi ma ai baƙaƙe ne, kuma daga 1984 har 1992 ana yinsa, turawa na rububin kallo.

Baban Ummi: Ai nan bambancin yake ƙanwata. Can miji likita mata lauya a Brooklyn, ba abin da zai sosa ran kowa. Nan kuwa Tim Reid ne ya fito a malamin jami'a daga Boston da ya gaji gidan abincin mahaifinsa a New Orleans, uban da ko saninsa bai yi ba sosai, sai gashi tsakanin kuku da masu kai abinci da fasto da masu gidan shirya gawa, kowa da irin maganarsa. Akwai kashin da har yau yake tsaya min a rai, wata ƙungiyar baƙaƙe masu hasken fata ta gayyace shi, sai ma'aikatansa suka bashi labarin yadda a da ake kara jakar takarda mai ruwan ƙasa a hannun mutum, in ka fi ta duhu ba ka shiga. Baƙi ne fa ke yi wa baƙi haka! Ya gane so ake ya zama mai duhun fata na farko a cikinsu, ya ƙi.

Maman Khalifa: Wannan kam ya taɓa ni, don mu ma nan ga yadda ake shafe-shafen mai saboda a ce fara ce.

Malam na Damagaram: Alhaji ka yi haƙuri amma ka tsallake abu biyu. CBS ta yi ta canza masa rana da lokaci, yau nan gobe can, mutum ya zauna jiransa ya tarar da wani shirin, wa zai jure? Sannan babu dariyar nan ta naɗe da ake sakawa a bayan fage, mutane sun saba sai an nuna musu inda za su yi dariya. Kuma wanda ya ƙirƙiro shi Hugh Wilson bature ne, har Emmy, babbar lambar yabon talabijin ta Amurka, ya ci a kan rubutun shirin, 'yar wasa Beah Richards ita ma ta ci a kan rawar da ta taka a ciki.

Baban Ummi: Na yarda da batun canza lokaci Malam. Amma me ya sa shi aka yi ta jifa da shi haka? Shirin da gidan talabijin ke ji da shi ba a yi masa wannan.

Malam na Damagaram: Zargi ne wannan Alhaji, ba hujja ba. Shirye-shiryen turawa nawa aka yi wa haka suka mutu?

Maman Khalifa: Ni yanzu kun sa ina son gani. Ina ake samunsa?

Baban Ummi: Da wuya ƙanwata, ba a fitar da shi a DVD ba saboda tsadar haƙƙin waƙoƙin da ke ciki, sai dai tsofaffin kwafin da mutane suka naɗa a kaset suka ɗora a YouTube, hoton dishi-dishi. Fara da na jakar takardar, ki dawo mu ƙarasa.