Neman shawara kan tafiya Jos da tsaunin Mambilla daga Katsina

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar 'yan uwa da suka san hanyar Taraba, domin mako biyu ke nan ina zana tsarin wannan tafiya a takarda ina gogewa, har yanzu lissafin bai fito ba.

Hutun kwana 7 nake da shi a watan Disamba, kuma ina so in kai iyalina da mahaifiyata Jos, mu ga duwatsun Shere, sannan mu wuce garin Gembu da ke kan tsaunin Mambilla a Taraba mu ga gonakin shayi na Kakara. Inda na maƙale shi ne hawan tsaunin daga garin Mayo Selbe da ke gindinsa, hawan da aka ce yana da lanƙwasa da yawa, ga hazo, alhali motata ƙarama ce, kuma Hajiya tana fama da hawan jini, ba ta jure doguwar zama; ko Kano muka je sai ƙafafunta sun kumbura.

Shin ya fi dacewa mu kwana a Jalingo, mu sake kwana a Serti, mu hau da sassafe, ko kuwa in ajiye motata a ƙasa mu ɗauki direban da ya saba da hanyar? Idan kwana 7 ba zai ishe mu ba, don Allah ku faɗa mini gaskiya, sai mu tsaya a Jos.